Ƙofa Huɗu a Toledo

Shekara ashirin da shida ina tuƙin bas a Toledo,
gwiwata ta hagu ta fara yi mini zancen ritaya.
Na ce to, in ƙafa za ta zauna, bari bulo ya yi aiki.
Gida ne mai hawa biyu a titin Lagrange,
rufinsa ya tsufa, amma bangonsa bai ranƙwafa ba.
Dala dubu ɗari da arba'in.
Rubu'i na tara, da ƙyar da jiɓin goshi.
Saura sai bashi.

Ƙofar farko babban banki ne, ƙasansa kamar madubi.
Yaro mai kwat ya miƙo mini kofi,
ya ce, "Ba a ciki za ki riƙa kwana ba?
To ruwan kuɗin ya hau. Bakwai da rabi cikin ɗari."
Na shanye kofin, tunda shi kaɗai ne kyauta,
na naɗe takardarsa na sa a jaka.

Ta biyu ba ta da ƙofa ma, murya ce a waya.
Brantley sunansa, sau uku yake kira a yini,
har ya san sunan kyanwata.
"Shida da rabi, Lorraine, don ke kaɗai!"
Zuma ce, na yarda. Na sa tabarau na nemi harbin.
Yana shafi na uku, rubutu kamar sawun tururuwa:
la'ada dubu biyar kafin a ce komai,
kuma in na biya da wuri a ci ni tara.
Kunnena ya girmi kakata, bai taɓa jin
an hukunta mutum don ya sauke bashi da sauri ba.

Dillali Gaskill yana saman shagon wanki da guga.
Ya tura ƙofa da ƙafa, ya sassauta murya:
"Rubuta cewa ke za ki zauna a ciki.
Ruwan zai sauka. Wa zai zo dubawa?"
Na tuna ƙarfe huɗu na asuba, titi fayau,
jar danja, ba ɗan sanda, ba fasinja,
ni da burki muna jira.
Na ce masa a kai kasuwa.

Ranar Asabar na koma duba gidan.
Tsoho Odell, ɗan hayar ƙasa,
yana ba tumatirinsa ruwa a bokitan fenti.
Bai ɗago ba ya ce, "Ke ce sabuwar?
Nawa za ki ƙara?"
Na ce ban saya ba tukuna.
Ya ce, "Haka na baya ma ya ce."

Daren nan na baje takardu a teburin kicin,
ina lissafi a bayan ambulan ɗin kuɗin wuta.
Kowane kwata na ruwan nan dala sha takwas ne a wata.
Ashe ba ni kaɗai ake tayawa ba:
bashin zai bi ta hannuna ne kawai,
ya gangara matakala, ya ƙwanƙwasa wa Odell.

Ta huɗu asusun haɗin gwiwarmu ne na ma'aikata.
Madam Wojtowicz, tabarau rataye da sarƙa,
ta ce bakwai da kwata.
Na jera mata takardun kamar 'yar karta,
na ce albarka.
Ta dube ni, ta dube su, ta shige ciki.
Minti ashirin ina kallon kifi a tankin gilashi.
Ta dawo: "Bakwai ba kaɗan. La'ada rabi. Babu tara."

Na sa hannu sau talatin da ɗaya,
har sunana ya daina kama da nawa.

Yanzu mabuɗai biyu na ƙara a zobe.
Rufi na nan yana jirana, damina ba ta san lissafi ba.
Jiya na tarar da tumatir uku a bakin matakala,
ba takarda, ba suna.
Ban san ko godiya ce ba,
ko shi ma tayinsa yake yi.